Babi Na Biyu: Mace da Al'ada a Ƙagaggun Labarai, Waiwaye Daga Kudancin Kano

2.0 Shimfiɗa

A babi na ɗaya an bayyana dalilin wannan bincike da farfajiyarsa, wato ƙananan hukumomin Bebeji da Kiru da Tudun Wada da Doguwa da ke kudancin Jihar Kano. A wannan babi za a waiwayi tarihi domin a ga yadda ƙagaggun labarai suka riƙa fito da matsayin mace a gidan ubanta da gidan mijinta, tun daga gasar 1933 har zuwa yau. Tambayar da babin ke son amsawa ita ce, shin macen da ake karantawa a littafi ita ce wadda ta rayu a wannan yanki, ko kuwa wata ce dabam? Amsar tana da muhimmanci, domin an daɗe ana zargin littattafan mata da cewa su ne suka koya wa 'yan mata bijire wa iyaye, har ta kai ga an ƙona wasu a bainar jama'a. Idan ya tabbata cewa bijirewar ta girmi littattafan, to zargin na buƙatar a sake duba shi. Za a fara da adabin Ingilishi a taƙaice, saboda yawancin ra'o'in da ake nazarin mace da su a jami'o'inmu daga can aka aro su.

2.1 Abin da Aka Aro Daga Ingila

A farkon ƙarni na ashirin wasu marubutan Ingilishi suka sauya salon ƙagaggen labari. Suka rage bayar da ƙarfi ga jerin aukuwa, suka koma bin abin da ke gudana a zuciyar tauraro. Cikin waɗannan marubuta, wadda ta fi shahara wajen amfani da wannan salo a kan rayuwar mata ita ce Virginia Woolf (1882 zuwa 1941). A littafinta Mrs Dalloway (1925) an bi wata matar ɗan majalisa mai suna Clarissa na yini ɗaya tak a birnin Landan tana shirin liyafa, a zuci kuma tana tuna saurayin da ta ƙi aura da zaɓin da ta yi na miji mai rufin asiri. A To the Lighthouse (1927) kuwa an jera mata biyu, uwa mai 'ya'ya takwas wadda ta ɗauki aure a matsayin makomar kowace mace, da wata budurwa mai zane wadda ta zauna ba aure. A 1929 Woolf ta fitar da A Room of One's Own, inda ta kawo hujjar cewa mace ba za ta iya rubuta littafi ba sai tana da kuɗin kanta da ɗakin da za ta keɓe a ciki.

Wannan hujja ta fito ne daga tarihin ƙasarsu. Sai a 1882 doka ta ba matar aure a Ingila cikakken ikon mallakar dukiyarta. Sai a 1918 matan da suka kai shekara 30 suka sami damar zaɓe, sauran kuma sai a 1928. Jami'ar Kambirij, inda Woolf ta gabatar da laccocin da suka zama littafin, ba ta fara ba mata cikakken digiri ba sai a 1948.

Mai wannan nazari na ganin akwai haɗari idan aka ɗauko wannan ma'auni aka ɗora wa Bahaushiya ba tare da gyara ba. Matar Bahaushe tana da ɗakinta, domin al'ada da shari'a sun wajabta wa miji ya tanadar mata, kuma kayan da ke ciki nata ne. Sadakinta nata ne, gadonta nata ne, haka ma akuyarta da ribar ƙuli-ƙulinta, tun ƙarnoni kafin matar Bature ta sami irin wannan haƙƙi. Abin da ake jayayya a kansa a ƙasar Hausa shi ne ƙofar gida: wa ke ba da izinin fita, zuwa ina, kuma wane gida za a kai yarinya ranar da aka fitar da ita daga na ubanta. Akwai dai wuri ɗaya da tarihin biyu ya yi kama. Woolf da mijinta sun kafa maɗaba'arsu ta Hogarth a 1917, suka riƙa buga littattafanta da kansu, kamar yadda marubuta mata na Kano suka yi bayan shekara saba'in.

2.2 Macen Kudancin Kano Kafin Zuwan Littafi

Kafin a duba macen littafi, ya kamata a san ta zahiri. Tarihi ya adana mana labarin mata biyu daga wannan yanki da maƙwabtansa.

Ta farko ita ce Amarya, mahaifiyar Alhassan Ɗantata, wanda aka haifa a Bebeji a 1877. Bebeji a lokacin zango ne na fatake masu bin hanyar Gwanja, kuma mijinta Abdullahi Ba'agale ne mai fataucin goro. Amarya ita ma 'yar kasuwa ce mai dukiyar kanta. Bayan rasuwar mijin ta bar Bebeji ta tafi Ankara ta ƙasar Gana ta yau, ta ci gaba da kasuwancinta, ta bar 'ya'yanta a hannun wata baiwa da ake kira Tata, wadda daga sunanta ne aka sami laƙabin Ɗantata. Ke nan attajirin da ya fi kowa suna a Afirka ta Yamma a zamaninsa mace ce ta haife shi mai fatauci, wata macen kuma ta raine shi har ya ɗauki sunanta. Ba a cika ambaton wannan ba idan ana maganar al'adar Bahaushe ta zaman mace a ɗaka.

Ta biyu ita ce Baba mutuniyar Karo, wani ƙauye kusa da Zarewa a ƙasar Rogo, maƙwabciyar Kiru ta yamma. Ita ma a 1877 aka ƙiyasta haihuwarta. Mary Smith ta rubuta labarin rayuwarta daga bakinta a Giwa tsakanin 1949 da 1950, aka buga shi da Ingilishi a 1954, bayan rasuwarta a 1951. Baba ba ta yi boko ba, ba ta taɓa karanta littafin soyayya ba, amma duk jigogin da aka zo ana ce-ce-ku-ce a kansu daga baya suna cikin labarinta. Aurenta na fari auren zumunci ne, aka ba ta ɗan'uwanta Duma alhali zuciyarta na wajen wani. Ta yi biyayya ta zauna na wasu shekaru, sannan ta nemi rabuwa ta auri Malam Maigari. Gaba ɗaya aure huɗu ta yi, ba ta haihu ba, ta riƙi 'ya'yan dangi. Ta yi bayanin kishi da yaji da ƙawance da bori da zaman karuwai a gari ba tare da ɓoye-ɓoye ba. Abin lura a nan shi ne, Baba ba ta ɗauki kanta mai tawaye ba. A wurinta auren fari haƙƙin iyaye ne, na biyu kuma haƙƙin mace ne, kuma al'adar ce da kanta ta buɗe wannan ƙofa.

M. G. Smith, mijin Mary, ya nuna cewa kulle ya yaɗu a karkara ne bayan hana bauta a farkon ƙarni na ashirin. Kafin nan bayi mata ne ke noma da ɗebo ruwa da itace, don haka da suka sami 'yanci sai suka janye daga gona domin su yi kama da 'ya'ya. Idan haka ne, kullen ƙauye da ake kira al'adar kaka da kakanni bai wuce shekara ɗari da 'yan kai ba a wurare da yawa. Kuma bai hana sana'a ba. Polly Hill ta yi bayani a 1969 kan kasuwancin ɓoye da matan kulle ke yi daga gida zuwa gida ta hannun yara masu talla, wanda shi ne har yau ke riƙe da gidaje da dama a Kiru da Bebeji. Bugu da ƙari, a cikin Maguzawan da ke zaune a wannan yanki mace tana noma gonarta ta kanta, tana da rumbunta. Bayan kammala madatsar ruwa ta Tiga a 1974 aka faɗaɗa noman rani a Kadawa, inda mata suka shiga ƙwadago, har Jackson (1978) ta rubuta labarin yajin aikin da matan Hausawa suka yi a gonar kayan lambu ta wani kamfanin Turawa suna neman ƙarin lada.

2.3 Mace a Littattafan Farko

A 1933 Hukumar Talifi da ke Zariya, ƙarƙashin Rupert East, ta shirya gasar da ta haifar da ƙagaggun labaran Hausa na farko a boko: Ruwan Bagaja da Ganɗoki da Shaihu Umar da Idon Matambayi da Jiki Magayi. Duk marubutan maza ne, kuma ba abin mamaki ba ne, domin sai a 1930 aka buɗe makarantun 'yan mata na farko na gwamnati a Kano da Katsina, su ma don 'ya'yan sarakuna da na fadawa. Wannan ba ya nufin mata ba su taɓa rubutu ba. Nana Asma'u (1793 zuwa 1864) ta yi waƙoƙi da Larabci da Fulatanci da Hausa, ta kuma kafa tsarin 'Yan Taru na karantar da matan karkara. Sai dai wannan rubutu na ajami ne kuma na wa'azi, bai shiga hanyar da Hukumar Talifi ta shata ba.

A Ruwan Bagaja da Ganɗoki mace ba ta da wani matsayi na a zo a gani. Littattafai biyu ne suka ba ta wuri. A Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa, mahaifiyar Umar ta bar gida ta bi sawun ɗanta da aka sace, ta faɗa hannun masu bautarwa, ta ƙetare sahara, suka haɗu a ƙarshe ta rasu. Jarumtarta a fili take, amma jarumtar uwa ce, kuma sakamakonta mutuwa. A Jiki Magayi na John Tafida da East kuwa an taɓo auren dole kai tsaye: Zainabu da Abubakar suna son juna, sai attajiri Malam Shehu ya yi amfani da dukiya ya aure ta. Amma daga nan labarin ya bar Zainabu ya bi Abubakar cikin daji yana neman asirin ramuwa. Ciwon da aka nuna na namijin da aka ƙwace wa budurwa ne. Abin da ita yarinyar ta ji a ɗakin da aka kai ta ba a tsaya a kansa ba. Da Baba ta Karo ce ke ba da wannan labari, da daga nan zai fara.

2.4 Lokacin da Mata Suka Karɓi Alƙalami

An shafe shekara 47 daga gasar 1933 kafin a buga ƙagaggen labarin mace. A gasar da kamfanin NNPC na Zariya ya shirya, So Aljannar Duniya na Hafsat Abdulwaheed ya zo na biyu, aka buga shi a 1980. Tauraruwarsa Boɗaɗo Bafulatana ce da ta dage sai ta auri Yasir, wanda ba ɗan ƙabilarta ba ne, duk da adawar danginta. A nan ne aka fara jin muryar budurwa tana kare zaɓinta da bakinta.

Abubuwa da dama suka haɗu a wannan tsakani. A 1976 aka fara shirin ilimin firamare kyauta na UPE, wanda ya kai makaranta ƙauyukan da ba su taɓa ganin aji ba. A shekarar ce kuma matan Arewa suka sami damar jefa ƙuri'a, abin da su Hajiya Gambo Sawaba suka sha ɗauri a kansa. A 1980 gwamnatin Abubakar Rimi ta kafa Hukumar Ilimin Manya ta Jihar Kano, matan aure suka sami azuzuwan yaƙi da jahilci. Sannan tsarin tsuke bakin aljihu na 1986 ya durƙusar da manyan kamfanonin ɗab'i, sai marubuta suka koma kai rubutunsu ƙananan maɗaba'u da kuɗinsu, su kai kasuwa da kansu. Ta wannan hanya Rabin Raina na Talatu Wada Ahmed ya fito a tsakiyar shekarun 1980, ƙungiyoyi irin su Raina Kama suka biyo baya. Rashin kamfani ya zama rashin mai tacewa, shi ya sa aka faɗi abubuwan da da wuya editan Zariya ya bari su wuce.

Wadda ta fi dacewa da wannan bincike ita ce Balaraba Ramat Yakubu, ƙanwar marigayi Janar Murtala Muhammad. An cire ta daga makaranta aka yi mata aure tana da kimanin shekara 13, auren bai daɗe ba ya mutu, daga baya ta koma karatu ta hanyar ajin manya. Bayan Budurwar Zuciya (1987) ta fitar da littattafai biyu a 1990 waɗanda ya kamata a karanta su tare.

A Wa Zai Auri Jahila? an nuna Abu, 'yar ƙauye, wadda mahaifinta ya cire daga makaranta. Ɗan'uwanta da aka yi musu alkawari ya yi boko ya dawo ya ce ba zai auri jahila ba, sai uban ya ba da ita ga dattijo Sarkin Noma. Abu ta gudu Kano wajen gwaggonta, ta yi karatu ta zama ma'aikaciyar jinya. Abin da ya ba littafin ƙarfi shi ne yadda ya nuna tarkon da aka saka yarinyar: al'ada ta hana ta boko don ta auru, sannan rashin bokon ya hana ta mijin da aka tanadar mata. Marubuciyar ba ta jingina hujjarta da ra'ayin Turawa ba. Da addini ta yi jayayya, wato wajabcin neman ilimi a kan mace da namiji da kuma neman yardar budurwa kafin a aurar da ita, kamar yadda Novian Whitsitt ya yi nuni a nazarinsa. Wannan hanya ce da Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ya riga ya bi lokacin da ya soki malaman da ke barin matansu da 'ya'yansu cikin jahilci.

A Alhaki Kuykuyo Ne kuwa, Rabi matar aure ce mai 'ya'ya tara. Mijinta Alhaji Abdu ya auro Delu, ya kore ta da yaranta. Rabi ta kama sayar da abinci ta riƙe gidan har ta aurar da 'yarta Saudatu ga mai hali. Da gobarar kasuwa ta cinye dukiyar Alhaji Abdu, Delu ta juya masa baya, sai maza na dangi suka taru suka matsa wa Rabi ta koma. Wasu masu nazari suna ɗaukar wannan ƙarshe a matsayin ja da baya daga marubuciyar. Mai wannan bincike bai ga haka ba. Mai karatu ya riga ya ga Rabi ta fi samun kwanciyar hankali a zawarci, don haka komen da aka tilasta mata shi ne zargi mafi nauyi a littafin, kuma duk wanda ya zauna a gidan Bahaushe ya san haka ake yi. Aliyu Kamal ya fassara littafin zuwa Ingilishi, aka buga shi a Indiya a 2012.

Bilkisu Salisu Ahmed Funtuwa, mai Allura Cikin Ruwa (1994), ta bi wata hanyar. Taurarinta mata ne masu ilimin boko da na addini, masu tsafta da iya magana, waɗanda ke cin nasara a cikin gidan aure ta hanyar haƙuri da dabara. Idan Balaraba ta nuna ƙofar fita, Bilkisu ta koyar da yadda ake mallakar cikin gida. Masu karatu mata sun karɓi duka biyun, sau da yawa mace ɗaya ce ke karanta su a mako guda.

2.5 Ce-ce-ku-ce da Abin da Ya Biyo Baya

Tun farkon shekarun 1990 Ibrahim Malumfashi ya laƙaba wa waɗannan littattafai sunan Adabin Kasuwar Kano, yana ganin ba su da ingancin da za su daɗe. Abdalla Uba Adamu da Yusuf Adamu da Ibrahim Sheme suka shiga muhawarar a jaridu, wasu na karewa wasu na suka. Brian Larkin (1997) ya danganta jigon soyayyarsu da finafinan Indiya, yana misali da In da So da Ƙauna (1991) na Ado Ahmad Gidan Dabino, inda Sumayya ta faɗa rijiya don gudun auren da ba ta so. A 2001 aka kafa Hukumar Tace Finafinai da Ɗab'i ta Jihar Kano. A 2007, ƙarƙashin shirin A Daidaita Sahu na gwamnatin Malam Ibrahim Shekarau, aka ƙona littattafan Hausa da aka karɓe daga hannun ɗalibai mata.

Ba a musun cewa akwai littattafan da aka rubuta cikin gaggawa, masu raunin Hausa da ƙa'idar rubutu, wasu ma da batsa. Amma zargin cewa su suka kawo ƙin auren dole bai tsaya da ƙafarsa ba idan aka tuna da Baba, wadda ta bar auren zumunci tun kafin a haifi iyayen waɗannan marubuta. Yaji da gudu zuwa gidan gwaggo da kai ƙara gaban alƙali duk tsofaffin hanyoyi ne. Sabon abin da littafi ya kawo shi ne ya fitar da maganar daga tsakar gida ya ajiye ta a kasuwa, inda maza za su gani, kuma ya ƙara makaranta a cikin wuraren da yarinya za ta iya gudu ta nufa.

Ƙonawar ba ta tsayar da rubutun ba. Gidajen rediyo sun ci gaba da karanta littattafan, abin da ya kai su kunnen matan da ba su iya karatu ba a ƙauyukan Tudun Wada da Doguwa. Daga baya rubutun ya koma waya, ana sayar da shi shafi-shafi a WhatsApp da Wattpad, shagunan haya suka ja baya. A 2016 Sashen Hausa na BBC ya fara gasar Hikayata ta mata zalla, wadda Aisha Muhammad Sabitu ta fara lashewa da labarin Sansani, a kan 'yan gudun hijira.

Akwai gibi guda da ya shafi farfajiyar wannan bincike kai tsaye. A mafi yawan littattafan da aka ambata, ƙauye wuri ne da ake gudu daga gare shi, birni kuma shi ne wurin tsira. Abu sai da ta bar ƙauye ta zama mutum. Macen da ta zauna, wadda ke surfe da sussuka a Doguwa, ko take sayar da abinci ga direbobi a Kwanar Ɗangora, ko Bamagujiya mai rumbun kanta, ko 'yar ƙwadagon tumatir a Kadawa, ba kasafai ake ba ta matsayin tauraruwa ba, sai dai ta fito a matsayin 'yar aiki ko uwar miji mai bin bokaye. Dalili kuwa shi ne yawancin marubutan mazauna birni ne, kuma kasuwarsu ta fi son labarin gidan bene da mota. Saboda haka tambayoyin da aka yi wa masu karatu a ƙananan hukumomin huɗu, waɗanda za a kawo a babi na uku, sun haɗa da wannan: wace tauraruwa ce suka ga ta yi kama da su, kuma a wane littafi?